Masu kafa hujja da Bournville rabin labarin suka ji

Tun da kuɗin haya ya fara gagarar ma'aikata a Abuja da Kano, wata magana ta yawaita a bakin masu sharhi har ta ishe ni: wai a roƙi masu masana'antu su gina wa ma'aikatansu gidaje, kamar yadda iyalan Cadbury suka yi a Ingila. Sunan ba baƙo ba ne a wurinmu, domin gwangwanin Bournvita da ke kan teburin mai shayi daga unguwar Bournville ya samo sunansa. Sai dai masu wannan kira sun riƙe wutsiyar labarin, sun saki kansa.

George Cadbury da ɗan'uwansa Richard sun fitar da masana'antarsu ta cakulan daga cunkoson birnin Birmingham zuwa wurin da suka raɗa wa suna Bournville a 1879, daga baya George ya sayi fili ya soma gina gidaje, kowanne da lambunsa da itatuwan marmari. Wannan kowa ya sani. Abin da ba a faɗa shi ne, a 1900 ya zare hannunsa, ya damƙa gidaje 313 da filinsu ga wata hukumar amintattu mai zaman kanta, bisa sharaɗin cewa ribar haya ta koma cikin gina wasu gidajen. Kuma ba sai mutum yana aiki a kamfanin zai samu gida ba. Wanda aka sallama daga aiki ran Juma'a ba ya kwana yana tunanin ɗaure kayansa ran Asabar.

A kwatanta da Port Sunlight, wata unguwar ma'aikata a Ingila wadda William Lever ya fara ginawa a 1888 da ribar sabulu, mutumin da kamfaninsa ya sayi Kamfanin Neja, na Turawa masu ciniki a Najeriya, a 1920. Gidajensa sun yi kyau ƙwarai, amma na ma'aikatansa ne, wanda ya rasa aiki ya rasa ɗaki. Irin wannan ne masu sharhinmu ke nema ba tare da sun sani ba: albashi a hannun maigida, makullin ɗaki ma a hannunsa. Ma'aikacin da rufin kan 'ya'yansa ke aljihun mai kamfani, ta yaya zai buɗe baki ya nemi ƙarin albashi, balle ya shiga yajin aiki?

Masu cewa ai ko ba komai ya fi babu, amsarsu gajera ce: Bournville ba ta raba talakan Ingila da kwana a lungu ba. Abin da ta yi shi ne nuna cewa gida mai iska da lambu zai iya biyan kuɗin gininsa, sannan majalisar Birtaniya ta yi dokar tsara birane ta 1909 da dokar gidaje ta 1919, wadda ta ɗora wa ƙananan hukumomi nauyin gini. Kyautar attajiri ta zama misali, doka ce ta yi aikin.

Idan har za a ba wani mai masana'anta fili ko rangwamen haraji da sunan gidajen ma'aikata, to a rubuta tun farko cewa takardar filin za ta fita daga hannunsa. Lokacin da kamfanin Kraft na Amurka ya saye Cadbury a 2010, masana'antar ta shiga cikin ciniki, amma gidajen Bournville ba su shiga ba, domin tun shekara 110 kafin nan suka koma hannun hukumar amintattu.