Gyaran gidan gado: a daina lulluɓe ginin ƙasa da siminti

Da an ce biki ya matso a wani tsohon gida a cikin birni, sai ka ga an fara sauke buhunan siminti da kwalayen tayil a bakin lungu, wai za a yi wa gidan gado kwaskwarima. Ni kam in na ga haka gabana faɗuwa yake, domin na ga inda wannan hanyar ta kai namu gidan.

Gidan kakanmu ne a cikin birnin Kano, ginin tubali, kaurin bangonsa daga ƙasa ya kusa kamu biyu. Soron tsakiya daurin guga ne, bakan gizo sun taso daga ɓangare huɗu sun haɗu a sama, an kafa farantin tangaran a daidai mahaɗar, ga azara an jera ta reras. Ko a watan Afrilu da garin yake kamar tanda, in ka shiga soron nan sai ka ji sanyi kamar ka leƙa cikin randa, lokacin hunturu kuma ɗumi. Da za a aurar da ƙanwarmu sai yayanmu ya ce abin kunya ne baƙi su zo su tarar da mu a ginin ƙasa, aka ɗauko birkila ya shafe bangon da siminti ciki da waje, aka liƙa tayil har rabin bango, aka bi da fentin mai, daurin gugan kuma aka rufe shi da silin. Gwaggonmu tana zaune a kan tabarma ta ce masa, "Alhaji ƙarami, bangon nan numfashi yake yi fa, kar ku toshe masa hanci." Ba wanda ya saurare ta, har da ni, don a lokacin gani nake ci gaba ne ya zo mana.

Damina uku kacal bangon ya fara kumbura, in ka ƙwanƙwasa sai ya amsa kamar ganga. Ranar da aka ɓamɓare filastar, ƙasar da ke ciki a jiƙe take sharkaf, kana damƙa tana marmashewa a hannu.

Dalilin kuwa kowane tsohon magini ya san shi. Ginin ƙasa yana shan laima da damina, rani ya zo ya fitar da ita, haka yake rayuwa shekara da shekaru. Siminti ba ya barin laimar ta fita, kuma shi da ƙasa ba sa kama juna sosai, sai ya tsage, ruwa ya samu hanyar shiga ya rasa ta fita, bango yana ruɓewa ta ciki alhali daga waje yana sheƙi. Silin ɗin ma ya fi ba ni haushi, domin a da ko ɗigo ɗaya rufi ya yi za ka gani a tare shi tun wuri, yanzu kuwa sai ruwa ya gama cin bakin azara kafin a farga. Azarar giginya gara ba ta iya mata, amma in ta daɗe a jiƙe ita ma sallamawa take.

Ba wai cewa nake a zauna yadda aka zauna a zamanin kakanni ba. Matan da ke share gidan kullum su suka san wahalar ƙura da yoyo da ɓera, kuma suna da gaskiya in sun ce sun gaji. A yi banɗaki na zamani, a ja famfo, a sa wuta, a gyara kicin, amma duk inda ruwa zai riƙa zuba a yi masa ginin bulo daban nesa da tsohon bango, wayar wuta kuma a bi da ita ta kan bango cikin bututu a daina sassaƙe shi. Kafin ma a taɓa cikin ɗaki a fara da sama, a duba rufi da indararo da kwatar tsakar gida. Ciki a yi yaɓe mai laushi a shafa farar ƙasa, waje a koma wa makuba da ake yi da ɓawon ɗorawa, rufi kuma laso, wanda ake haɗawa da katsin marina irin na Ƙofar Mata.

Masu cewa ginin ƙasa ya cika cin kuɗi saboda yaɓe, toh ni a ganina ba kuɗin ne matsalar ba, gidan gado ne, magada sun fi ashirin kowa na jiran ɗan uwansa ya ciro, shi yasa ake gudu zuwa siminti a ce an huta gaba ɗaya. Da za a yi ɗan asusu ranar taron zumunci na sallah, kowa ya sa abin da ya sawwaƙa, da kuɗin yaɓe bai gagara ba. Mutanen Agadas da ƙasa suke yaɓe hasumiyar masallacinsu mai tsawon mita 27, kuma tsohon garin ya shiga jerin wuraren tarihi na UNESCO a 2013. Mu da muka gaji aikin su Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya, yau neman maginin da ya iya ɗaura bakan gizo sai an yi cigiya.

Mu ma sai da muka yi kusan wata biyu muna cigiya kafin aka haɗa mu da wani dattijo, ya zo da yaransa biyu da ba 'ya'yansa ba, nasa duk sun koma aikin bulo. Ya sa aka sauke silin ɗin, azara uku suka tashi aiki aka canza, ya ce bangon a bar shi a buɗe ya sha iskar rani guda kafin ya sa masa hannu. Farantin tangaran ɗin yana nan a inda kakanmu ya sa aka kafa shi, ƙura ce kawai ta rufe shi, Gwaggo ta sa aka hau tsani aka goge.