Wai mu ne jikokin waɗanda suka gudu daga Musulunci

To, na ga abin da yaron nan ya rubuta jiya, kuma ku daina tura mani, na gani. Wai Maraɗi garin waɗanda suka ƙi kalmar shahada ne. Sannu malam, Allah ya ƙara basira!

Katsinar da kakanninmu suka baro, Musulunci ya daɗe da zama a cikinta kafin a haifi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a Maratta a 1754. Hasumiyar Gobarau maguzawa suka gina? Wali Ɗanmarina da Ɗanmasani a ina suka karantar? Rigimar jihadin Shehu ta mulki ce. Talaka ya gaji da haraji, makiyayi ya gaji da jangali, ana kama Musulmi ana sayarwa, Sarkin Gobir Nafata ya hana rawani da lulluɓi da wa'azi. Daga nan magajinsa Yunfa ya matsa wa jama'ar Shehu, aka yi hijira daga Degel zuwa Gudu a 1804, aka gwabza a Tabkin Kwatto, Alƙalawa, babban birnin Gobir, ta faɗi a 1808. A Katsina ma, sarauta ta bar wani gida ta koma wani. Wanda aka karɓe wa gadon ubansa kuwa ba ya tsayawa tafi, shi ya sa Ɗan Kasawa, ɗan tsohon gidan sarautar Katsina, ya zo nan Maraɗi ya kafa tasa, har yau kuma Sarkin Katsina muke ce wa sarkinmu.

Kar wani ya zo mani da "kana zagin Shehu". Wallahi ina ganin girman Mujaddadi, karatunsa har gidanmu ya shigo, kuma zaluncin da ya yi wa'azi a kansa an yi shi. Amma fa mulki ne. Shehu Laminu na Borno, malami ne shi ma, wasiƙu ya riƙa aika wa Muhammadu Bello yana tambayar hujjar yaƙar masu salla. Abdussalami, almajirin Shehu, wanda saboda mutanensa na Gimbana wutar ta tashi, ƙarshensa da Bello ya yi faɗa. Shi ma gudun Musulunci ya yi? Mulki ne, jama'a.

Abin da ya fi ci mani rai ma, a lakwal mun haddace 1789 da Bastil na juyin juya halin Faransa kamar karatun allo, amma ban tuna ranar da mushe, wato malaminmu, ya ambaci yaƙin Gawakuke ba, inda Sarkinmu Rauda ya kwanta dama a 1836. Kaka ce ta fara ba ni labarin, tana ɓarar gyaɗa.