Kafin ka kama ɗakin taro, wa zai karanta littafin?

Jiya da daddare wani ƙanena ya turo mini saƙo: "Yaya, na kammala littafin nan, saura kuɗin bugu da na ɗakin taro. Wa kake ganin ya dace mu sa babban mai ƙaddamarwa?" Na rubuta masa amsa, na goge, na sake rubutawa. Sai na ga gara in faɗe ta a nan, don ba shi kaɗai ke kan wannan hanya ba, ni ma na bi ta, kuma ta ci mini kuɗi da shekara biyu.

Ni malamin gona ne. Na daɗe ina yawo tsakanin Kumo da Dadin Kowa da Bajoga a jihar Gombe, kuma abin da ya fi ci mini rai shi ne asarar da ake yi bayan girbi. Manomi ya sha rana ya noma wake, kafin wata uku ƙwari sun mayar da shi gari. Wanda ya ji tsoron haka kuma sai ya zazzaga masa magani ba awo, a kai kasuwa, yara su ci. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan maganin ƙwarin da ake samu a cikinsa. Ga buhu mai ninki uku da ke toshe iska ƙwaro ya mutu da kansa, amma da yawa ba su san yadda ake ɗaure shi ba. Shi ya sa na zauna na rubuta littafi a kan adana hatsi.

Da Turanci na rubuta shi. Dalilina a lokacin shi ne a ɗauke ni da muhimmanci a ofis da jami'a. Na buga kwafi 1,000, domin mai maɗaba'a ya nuna mini cewa kuɗin farantin da ake ɗora wa injin bugu ɗaya ne ko kaɗan ka buga ko da yawa, don haka yawan bugu ke rage farashin kowane kwafi. Gaskiya ya faɗa, sai dai bai tambaye ni wa zai saya ba, ni ma ban tambayi kaina ba. Aka kama ɗakin taro, aka buga kati, manya suka zo, maroƙa suka yi aikinsu. Wannan ya tashi ya ce ya sayi kwafi goma a kan kaza, aka yi tafi. Abin da ya shigo hannu ranar bai kai kuɗin taron ba, sauran alƙawari ne, na yi ta sintiri a ƙofofin ofisoshi har kunya ta sa na daina. Abin da ya fi wannan ciwo, a duk ɗakin nan babu mutum ɗaya da ke da rumbu.

Kwalaye suka zauna a ɗakin baƙi, damina biyu, gara ta fara taɓa na ƙasa.

Wani dattijo dillalin hatsi a Tudun Hatsi ne ya farkar da ni. Na ba shi kwafi kyauta, ya jujjuya shi, ya dubi hotuna, ya miƙo mini ya ce, "Malam, ai sai ka karanta mana, mu ba mu jin wannan." A nan bakin rumfarsa na fassara masa babi ɗaya da baki, kafin in gama mutum sun fi goma a tsaye, kowa da tambayarsa. Rabin tambayoyin babu amsarsu a littafin.

Na koma na sake rubuta shi da Hausa, ba fassara ba, sabon rubutu bisa tambayoyin mutanen nan. Na rage shi zuwa shafi 64, saboda ana buga littafi ne shafi sha shida-sha shida, kuma takarda daga waje ake shigo da ita, tun da Naira ta faɗi a 2023 kowane shafi kuɗi ne. Na biya wani malamin Hausa ya yi mini gyara, kuma wannan kuɗin ban taɓa nadamarsa ba. Don Allah marubuta, ku daina kai wa mai buga kwamfuta rubutu ku tafi. In bai da haruffa masu ƙugiya zai mayar muku da ƙasa ta zama kasa, ɗaki ya zama daki, mai karatu ya yi ta tuntuɓe. Lambar ISBN kuwa, wato lambar shaidar littafi, a Laburaren Ƙasa ake samunta, ba a hannun mai maɗaba'a da zai manna maka ta wani ba, kuma doka ta ce ka ajiye musu kwafi uku bayan bugu.

Kwafi 300 na buga a karo na biyu, ba taro, ba kati. Na rarraba wa masu sayar da taki da iri, kowa kwafi goma, in ya sayar ya cire nasa ya ba ni nawa. Ranar kasuwa in je da kaina. Na riƙa naɗar murya ta minti uku ina turawa a rukunonin manoma na WhatsApp, in aka gayyace ni shirin noma a rediyo in je ko ba a biya ni ba. Kafin kaka ta zagayo sun ƙare. Wasu ma cewa suke in yi musu da ajami, kuma ina kan duba yadda za a yi.

Ba sabon abu na ƙirƙiro ba. Kamfanin Gaskiya da aka kafa a Zariya a 1945, da NNPC (kamfanin buga littattafai na Arewa, ba na mai ba) da ta biyo baya a 1966, ƙarfinsu ba injin bugu kaɗai ba ne, suna da hanyar da littafi ke bi ya isa makaranta da kanti. Marubutan Kano na shekarun 1980 da aka yi ta raina su da sunan adabin kasuwa, su suka buga nasu da kuɗinsu, suka bi ta hannun 'yan kasuwa har littattafansu suka shiga ɗakunan matan aure a nan Gombe. Mu masu rubutun ilimi muka tsaya jiran mai girma ya zo ya yanke zare.

Masu cewa a saka a intanet kawai a huta, ban ƙi ba, akwai shafukan sayar da littafi irin su Selar da makamantansu. Amma OkadaBooks da marubuta da yawa suka dogara da ita ta rufe a 2023, kuma littafin da ka sayar wa mutum ɗaya a waya, gobe yana rukuni ashirin kyauta. Manomin Dukku kuma abin da zai sa a aljihu ya buɗe a bakin rumbu yake so.

Littafin ƙanena a kan tarbiyyar yara ne a zamanin waya. Na ce masa ya dakatar da maganar ɗakin taro. Ranar Asabar zai kawo mini rubutun, mu ɗauki babi biyu mu kai wa iyaye a taron makarantar Islamiyyar unguwarsu a Pantami, ya karanta musu, ni kuma in zauna a gefe da biro ina rubuta abin da za su tambaye shi.