Ba baƙin rami ne ke riƙe da taurarinmu ba

Mutane da yawa na ɗauka cewa baƙin ramin da ke tsakiyar galaksinmu, wato babban tarin taurarin da ranarmu ke ciki, shi ke jan dukkan taurari suna zagaya shi, kamar yadda duniyoyi ke zagaya rana. Baƙin rami wuri ne a sararin samaniya mai tsananin ƙarfin ja, har haske ma bai iya kuɓuce masa. Ramin yana nan, sunansa Sagittarius A*, nauyinsa ya kai na rana wajen miliyan 4. Amma taurarin da ke cikin galaksin sun haura biliyan 100, don haka nauyinsa bai taka kara ya karya ba in aka kwatanta da sauran. Ikonsa ya tsaya ne kan taurarin da ke dab da shi, irin S2 da ke kammala zagaye cikin shekara 16.

Ranarmu kuwa tana nesa, tafiyar haske ta shekara kusan 26,000, tana gudun kilomita 230 a daƙiƙa. Abin da ke juya ta shi ne jimillar nauyin duk abin da ke cikin da'irarta: taurari, iskar gas, ƙura, da wani abu da ido bai gani.

A wajen duniyoyi, mai nisa da rana ita ce mai jan ƙafa. Da rami ne ke riƙe da komai, haka taurarin gefe ma za su yi. A shekarun 1970 masana taurari Vera Rubin da Kent Ford suka auna gudun gas a galaksin Andromeda da wasu galaksin, suka tarar can gefe gudun bai ragu ba. Wannan ne ya ƙarfafa hujjar cewa akwai ɓoyayyen nauyi mai yawa da ya lulluɓe galaksi, wanda har yau masana ke neman gano ainihinsa.