Wai laifin gida ne

To, mun ga bidiyon wani mutum da ke ɗora laifin rashin karatun yara a kan gida, mun kuma ji mai hikima. Wato ɗan makarantar LEA, firamaren gwamnati, ba zai taɓa kamo ɗan makarantar kuɗi ba, tunda "daga gida aka baro shi a baya", saboda haka makaranta ba ta da abin yi. Sannu da ƙoƙari, ranka ya daɗe. Kai da gwamnati ta karantar kyauta, ta ciyar, har sabulun wanki ta ba ka, yau kai ne da wannan bakin?

A Zariya fa kake wannan magana, garin kwalejojin Barewa da Alhudahuda. Tafawa Ɓalewa ba ɗan sarki ba ne, Kwalejin Katsina ce ta ɗauke shi, ita ce ta dawo nan a 1949, daga baya ta zama Barewa. Makaranta ta taɓa yi. A ba yaro abinci, littafi, da malamin da albashinsa ke shiga kan kari, a gani in ba zai yi karatu ba.

Za ku ce talauci. Na ji, wa ya ce babu? Yarinyar da ta yini tallar awara a Tudun Wada ba ɗaya take da wanda direba ke saukewa daga GRA ba. Amma ai don ita aka gina makarantar! Mai hali ba ya buƙatar makarantar gwamnati, yana da malamin lesin a gida. A 2016 da aka fara ciyar da ɗalibai a jihar nan, azuzuwa cika suka yi har ba wurin zama. Yaran nan suna nan, iyayensu ma suna so. A 2017 aka sallami malamai sama da 21,000 kan sun faɗi jarrabawar 'yan aji huɗu, aka yi ta tafi. To bayan tafin fa? Har yau ana jibge yara a ƙasa, a aji ɗaya, malami ɗaya, sannan a ce gidansu ne matsala.

Wallahi abin yana min ciwo. Yaro ya gama aji shida bai iya karanta sunan unguwarsu ba, laifin a kan uwarsa mai sayar da ƙuli?

Af, ku shugabannin PTA, ƙungiyar iyaye da malamai, kuɗin gyaran rufin da aka karɓa tun kafin damina, ina kwanon? Ga shi har an fara girbin masara.