Ƙafar jirgi ta ƙi fita, ku ce mana ƙaddara?

Ranar Alhamis na je filin jirgin Yamai tarbar Inna, ta dawo daga ta'aziyya a Agadas. Muka hango jirgin ya yo ƙasa, sai ya sake ɗagawa ya shiga shawagi kamar shirwa. Zagaye ɗaya, biyu, uku. Can muka ga motocin kashe gobara sun jeru a bakin titin sauka. Cikina ya ɗuri ruwa.

Daga bakin Inna na ji abin da ya faru, ba daga bakin kamfanin ba. Ƙafar gaba ce ta ƙi fita. Aka ce su duƙa su dafe kai, ita kuwa carbinta har ya tsinke a hannunta. Da ƙyar ƙafar ta fito, jirgi ya dira, taya ɗaya ta fashe. Alhamdu lillahi, ba wanda ya rasu. Amma awa biyu cur muna tsaye cikin wannan zafi, babu mahalukin da ya fito ya ce mana uffan!

Da na tare wani ma'aikacinsu na ce, "Malam, me ya sami jirgin nan?" sai ya ɗaga kafaɗa: "Alhaji, ƙaddara ce, ku gode wa Allah." Mun gode masa tun kafin ka tuna mana. Amma ƙafar jirgi ba aljanu ke fitar da ita ba. Matsin mai ne ke tura ta, in bututu ya yoye ko makulli ya cije sai ta tsaya, shi ya sa ake da hanya ta biyu da matuƙi zai sake ta ta faɗo da nauyinta. Duk wannan aikin makaniki ne, dubawa ake yi a sa hannu. Wa ya duba? Yaushe?

Ku tambayi mutanen Sakkwato. Ranar 11 ga Yulin 1991 jirgin DC-8 ya tashi daga Jidda da alhazai zai kai su Sakkwato, alhali an san iskar tayoyinsa ba ta cika ba, aka ce a tafi don kar a makara. Tayoyin suka fashe a kan titi, suka kama da wuta, aka naɗe su cikin jirgin da wutarsu. Ya juyo zai sauka bai kai ba. Mutum 261, ko ɗaya bai tsira ba. Saboda iskar taya, jama'a!

Ku kuma masu kamfanin jirgin da ya ɗauko Inna, kuɗin tikiti kam ba ku yafe ko dala, kilo ɗaya ya ƙaru a jaka sai an biya. Har yau ko saƙon ban haƙuri ba ku turo ba, lambarku kuma tana ta ringi babu mai ɗauka. Inna ta rantse in za ta koma Agadas sai dai mota ta Tawa, ko da za ta kwana biyu a hanya, ga ciwon bayan da ya sa muka saya mata tikitin tun farko.