Ba zagaye jirgin ya yi ba, jama'a

Hoton nan da ake ta turawa tun jiya, wai jirgin Landan zuwa Niyok ya lanƙwasa ta saman Kanada don a ƙara wa fasinja kuɗin tikiti, wallahi ya ɓata min rai. Har da masu digiri a garin nan suna turawa! Kamfanin da man jirgi ke cinye wa kuɗi ne zai ƙara wa kansa tafiya? Duniya ƙwallo ce, lanƙwasar da kuka gani a shimfiɗaɗɗiyar taswira ita ce gajeriyar hanya.

Kuma saman tekun Atlantika ba dajin Allah ba ne da kowa zai bi inda ya ga dama. Sau biyu a kullum ake zana hanyoyi. Cibiyar ba jirage hanya ta Gander a Kanada ke tsara na dare, na masu zuwa Turai, cibiyar Prestwick ta Sikotlan ke tsara na rana, na masu zuwa Amurka. Iska suke dubawa. Can sama akwai iska mai ƙarfi da ke kadawa daga yamma zuwa gabas. Mai zuwa Turai shiga cikinta yake yi ta tura shi, mai zuwa Amurka kauce mata yake yi. Shi ya sa zuwa Amurka ya fi dawowa Turai daɗewa. A Fabrairun 2020 jirgin British Airways ya taso daga Niyok ya sauka Landan cikin awa 4 da minti 56, albarkacin iskar nan. Kowane kamfani so yake a ba shi hanyar da ta fi iska mai kyau, wanda bai samu ba ya ƙona mai. Lissafin mai ne daga farko har ƙarshe.

Wani zai ce ai tikitin da tsada. Da tsada mana! Je ka tambayi dala da haraji, ka bar hanya ta huta.

Abin da ya fi damuna ma, ga kwalejin koyon harkar jiragen sama nan a Zariya tun 1964, tana horar da masu ba jirage hanya. Yaranmu nawa ne suka san akwai wannan sana'ar? Malaman sakandare, don Allah ku riƙa kai su Zariya su gani.